In bar biyan Canal in sa kuɗin a intanet? Amsa ga wani magidanci a Damagaram

Tambayar ta fito ne daga wani malamin makaranta mazaunin Garin Malam, a kan Canal, kamfanin tashoshin talabijin na kuɗi da ake kamawa da parabol. Ga ta a taƙaice: "Kowane wata ina biyan jika goma na Canal. Yara sun ishe ni da cewa asarar kuɗi ce, wai komai yana intanet yanzu, wai ko a Amurka mutane sun bar irin wannan abonma. A gidan akwai mahaifiyata, da maiɗakina, da yara shida. Ni ƙwallo da labarai ne nawa. In daina biya in mayar da kuɗin forfe, ko in ci gaba?"

Malam, Allah ya ƙara girma. Sana'ata hawa rufin mutane ne ina saita parabol, don haka na san wani zai ce mai parabol ba zai taɓa cewa a sauke parabol ba. To, ni ɗin dai ne nake ɗaura wa mutane akwatin wifi, ni nake haɗa musu talabijin da intanet, kowanne kuka zaɓa ina da abin yi. Amsata ita ce: kuna iya daina biyan Canal kowane wata, gidaje da yawa a garin nan sun daina kuma ba su mutu ba. Amma idan nufinku jika goman nan ta koma forfen waya, wato intanet ɗin da ake saye a salula, ta ɗauki kallon mutum tara, ba za ta kai ku ko tsakiyar wata ba.

Abin da yaran suka ji game da Amurka gaskiya ne. A lissafin watan Mayu na 2025, kamfanin Nielsen mai auna abin da Amurkawa ke kallo ya nuna cewa kallo ta intanet ya cinye kashi 44.8 cikin ɗari na lokacin da suke yi gaban talabijin, tashoshin eriya da na kebul kuwa a haɗe suka tashi da 44.2. Karon farko ke nan da hakan ta faru. Sai dai a dubi gidan da ake magana a kai. Magidancin can yana iya biyan kusan dalar Amurka 100 a wata don tashoshi, fiye da jika hamsin ke nan a kuɗinmu. Kuma tun kafin ya yi tunanin barin tashoshin, akwai intanet na waya da aka ja masa har cikin ɗaki, wanda yake biya wata-wata, galibi ba a ƙirga masa abin da ya sha. In ya yanke tashoshi ya koma Netflix ko YouTube, ko sisi ba a ƙara masa ba a kuɗin intanet. Riba ce tsantsa. Ku kuwa intanet ɗinku a salula yake, kuma awo ake muku.

A nan ne duk maganar take, don haka bari in ɗan tsaya a kanta. Tauraron ɗan'adam da farantinku yake kallo yana can sama, wajen kilomita 36,000, yana watso sigina guda ɗaya a kan ƙasashe da yawa lokaci guda. Na Canal yana wajen digiri 22 ta yamma, shi ya sa in kuka hau soro a Birni ko Zango za ku ga farantansu duk sun ba gabas baya. Gida ɗaya ne ya kunna ko gida miliyan, siginar ba ta raguwa, kamfanin kuma bai san awa nawa kuka yi kuna kallo ba, bai ma damu ba. Kun biya wata, ku kwana kuna kallo in kun ga dama. Intanet ba haka yake aiki ba. Duk wayar da ta buɗe bidiyo, nata kofin daban ake aiko mata, tun daga rumbun kamfanin har zuwa eriyar da ke unguwarku. Yara uku su zauna a tabarma ɗaya suna kallon abu ɗaya a waya uku, sau uku aka caje ku. Mu mutanen Damagaram ba sai an yi mana dogon bayani ba: ruwan ga-ruwa ne, kowace jarka da kuɗinta. Eriyar nan kuma rabawa take yi tsakanin duk wanda ke kanta a lokacin, dalilin ke nan da bidiyon da ya yi ta gudu da asuba sai ya koma tsaye yana juyi bayan isha'i, daidai lokacin da gida ke son kallo.

Yanzu mu sa lissafi. Netflix da kansu sun ce hoto matsakaici yana shan kusan jiga 0.7 a awa (jiga ita ce ma'aunin forfe, ɗaya tana daidai da mega wajen dubu), hoto mai tsabta na HD har jiga 3, na 4K kuwa har jiga 7. A YouTube in an rage hoton zuwa 360, awa ɗaya tana tashi wajen mega 300. Wannan 360 ɗin a fuskar salula babu laifi, amma a haska shi a talabijin mai inci 43 ku ga yadda fuskokin mutane ke narkewa, lambar rigar ɗan wasa ma ba ta karantuwa. Mu ɗauka talabijin ɗinku awa biyar kawai take yi a kunne a yini, kuma a gida mai yara shida na tabbata ta fi haka, balle lokacin hutu. Awa 150 ke nan a wata. A hoto matsakaici, jiga 105. Ku duba abin da kuke sayen forfe yanzu, ku raba ku ga nawa jiga ɗaya ta tsaya muku. Ko da a ce ta faɗo har sefa 200, jiga 105 ta kama sefa 21,000. Kun gudu daga jika goma kun faɗa jika ashirin da ɗaya, ga hoto bai kai na da ba, ga shi ba a sa kuɗin Netflix ɗin kansa a ciki ba. Kuma wannan lissafin na allo ɗaya ne. Abin da nake gani a gidaje shi ne, da zarar talabijin ɗin tsakar gida ta yi shiru, kallo ba ya tsayawa a allo ɗaya, kowa sai ya ja wayarsa.

To me ya sa duk da haka mutane ke barin abonma, kuma ba sa komawa? Domin yaranku suna da hujja, ba su dai faɗe ta daidai ba ne.

Abin da gidan Bahaushe ya fi kallo ya riga ya tashi daga tashoshin kuɗi. Da satar fasaha ta kashe kasuwar faifan CD, masu shirya fina-finan Kano suka koma YouTube da shiri mai dogon zango, kashi-kashi duk mako, suna samun nasu ta hanyar talla. Wa'azi da tafsiri suna can. Barkwanci, waƙa, labarin ƴan fim, duk suna can da TikTok da Facebook. Matar da a da take jiran ƙarfe takwas na dare don shirinta, yanzu tana wanke-wanke waya na jingine da kwando. Sannan akwai wata hanya da masu rubutu daga Turai ba su san da ita ba, alhali ita ce ta fi ɗaukar mutane a nan: masu turi. Ku shiga Kasuwar Dole ko bakin tasha, yaro da kwamfutarsa zai cika muku memori da fim na mako guda, na Hausa da na Indiya mai fassara, da ƴan canji kaɗan. Shi ya sauke sau ɗaya, ya raba wa mutum ɗari. Ba na cewa masu fim suna jin daɗin wannan, don duk wanda ya kalla a memori bai ƙara musu komai ba a YouTube. Amma ta fuskar aljihun magidanci, babu kamfanin da zai iya gasa da mai turi.

Sai wuta. Abonma kwana yake ƙirgawa. Ko an kawo wuta ko ba a kawo ba, ranar talatin tana zuwa. Yankinmu da na Maradi layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa ne ya daɗe yana ciyar da shi, kuma kowa ya tuna abin da aka sha bayan Najeriya ta yanke wuta a watan Agusta na 2023. Ko a shekarar da babu rikici, watannin Afrilu da Mayu sun ishe mu misali. Wanda ya biya wata ya samu kallon rabin dare goma, dole ya ji an cuce shi, ko da ba kamfanin tashoshi ne ya ɗauke masa wuta ba. Salula kuwa ƙaramin pano na hasken rana ya ishe ta, kuma forfen da ba a kalla ba bai ƙare ba sai in wa'adinsa ya cika. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ita ce ma ta fi kowace ƙarfi a wurina.

Ku dubi maƙwabta. MultiChoice, masu DStv da GOtv, sun rasa masu abonma kusan miliyan 1.4 a Najeriya tsakanin Maris na 2023 da Maris na 2025, a daidai lokacin da suke ta ƙarin kuɗi. Da suka zo bayani, tsadar rayuwa da matsalar wuta da ta mai suka sa a gaba. Akasarin waɗanda suka fita ɗin ba Netflix suka tafi ba. An auna tsakanin buhun hatsi da tashoshi, hatsi ya ci. Nan ma haka ne, in mutum ya ce mini "na koma intanet", da na ƙara tambaya sai in tarar abin da yake nufi shi ne ya daina biya, yana lallaɓawa da waya.

Abin da ya ba ni mamaki a tambayarku shi ne kun sa abu biyu kawai a sikeli, alhali na ukun yana kan rufinku. Faranti ba na kamfani ba ne, ƙarfe ne mai tattara sigina, duk inda aka juya shi can zai kalla. Dekodar Canal ce take a kulle. Ku sayi ƙaramar dekoda ta tashoshin kyauta, irin su Strong da ƴan'uwanta da suka cika kasuwa, a juya muku farantin ko a ƙara na biyu, shi ke nan babu mai sake tambayarku kuɗin wata. A Eutelsat 16A akwai tashoshin ƙasashen Afirka da dama. A Nilesat da Arabsat akwai na Larabawa, har da masu nuna Harami kai tsaye dare da rana, wanda na san tsofaffi da yawa ba sa neman komai bayan shi. Akwai tashoshin wa'azi na Hausa. Arewa24 ma da ta fara a 2014, a matsayin tashar kyauta ta fara. Tashoshi suna yawan canza wuri da lamba, saboda haka kafin ku sayi komai ku rubuta guda biyar ko shida da gidan ba zai iya rabuwa da su ba, ku ce wa mai saitin ya nuna muku su a allo kafin ya sauko daga rufi. In suna kan taurari biyu ne, akwai ƴar na'urar da ake kira DiSEqC mai haɗa kai biyu ko huɗu a dekoda ɗaya, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Labaran ƙasa da kuka ambata suna Télé Sahel, haka kokowar Takobi da ke tsayar da gari cak duk shekara. Ba a taɓa buƙatar abonma don a ga an ka da wani a fili ba.

Saura ƙwallo, kuma ita ce igiyar da ta ɗaure ku. Masu gasannin Turai suna sayar da izinin nunawa yanki-yanki ne, da kuɗi masu nauyi, kuma a ƙasashenmu masu amfani da Faransanci Canal ne ke riƙe da manya irin Firimiya ta Ingila da gasar zakarun Turai. Ba za ku samu wasan ranar Asabar kai tsaye a YouTube ba, sai dai guntayen ƙwallayen da aka ci bayan an tashi. Kamfanin ya san da haka sarai, da ƙwallon yake riƙe da magidanta. Amma akwai abin da ya bambanta mu da Amurkawan da ake ba ku labari, kuma a wannan karon mu ne da riba: ba kwangila kuka sa wa hannu ba. Watan da kuka biya ku kalla, watan da ba ku biya ba allo ya rufe, babu mai bin ku bashi, ranar da kuka shirya ku sabunta. Kakar Turai daga Agusta take zuwa Mayu. A cikinta ma ba kowane wata ne yake da daɗi ba. Ku zaɓi watanninku. Ku kuma duba ko ƙaramin bukke, wato rukunin tashoshi mai araha, yana ɗauke da abin da sauran mutanen gida ke kallo, a riƙa hawa babba sai lokacin da wasa ya yi zafi. Da zan ce ku je gidan kallo, amma na san malamin makaranta ba zai so ya zauna benci ɗaya da ɗalibansa ana ihu ana zagin alƙalin wasa ba. Abin da wasu dattawa ke yi shi ne su haɗa kuɗi a fada, dekoda ɗaya a ƙofar gidan mutum ɗaya, shayi na wani, abonma na kowa.

Na san abin da yaran za su ce da sun ji wannan: "Baba, ai akwai kod." Suna nufin IPTV na bayan fage, akwatin Android ko manhajar da ake sayar wa mutum da lambar shekara, wai tashoshi dubu da duk wasannin duniya. Ga yadda abin yake. Wani a wata ƙasa yana da abonma na gaskiya, yana kwashe hoton yana sake watsa shi ta intanet ba da izini ba, wasu suna saye a hannunsa suna sayarwa, har ya iso ga yaron da ya kawo muku. Farko dai bai raba ku da forfe ba, wasa ɗaya na awa biyu a hoton da za a iya gane ƙwallo zai sha jiga biyu zuwa uku. Na biyu, a makare yake zuwa, maƙwabcinku mai parabol zai yi ihun ci ku kuna kallon ana shirin bugun kwana. Na uku, daren babban wasa, lokacin da kowa ya hau, a nan yake tsayawa. Ranar da aka rufe rumbun kuwa, kuma ana rufewa, kuɗin shekararku sun tafi, yaron da ya sayar muku shi ma ba shi da wanda zai kama. Waɗanda ake saukewa kyauta sun fi muni: tallan caca da hotunan banza suna faɗowa tsakiyar kallo gaban yara, manhajar kuma tana neman izinin shiga saƙonni da lambobin waya, a wayar da kuke ajiye kuɗi a cikinta. Hukuncinsa a addini na bar wa malamai, amma ni a sana'ata ba na saka wa mutum shi, don in ya lalace ni za a kira, kuma babu abin da zan iya gyarawa.

Akwai yanayi ɗaya da lissafin da na yi a sama yake juyewa gaba ɗaya, wato in gida ya samu intanet da ba a awo. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairu na 2023, ya iso Nijar a hukumance a Maris na 2025, kuma tun daga lokacin fararen farantansa masu kusurwa huɗu suke ta bayyana a kan rufi, tare da masu sayar da tikitin wifi a unguwanni. Ga mai irin wannan, ko mai layin fiba inda ya kai, awa 150 da awa 300 duk ɗaya ne, a nan kam maganar yaranku ta tabbata. Sai dai kayan kaɗai sun haura jika ɗari, kuɗin watansa ya fi abin da kuke ba Canal yanzu, kuma yana da ci: babban farantin yana jan wat 75 zuwa 100, ƙaramin Mini wajen 25 zuwa 40, alhali dekoda ba ta wuce 15 ba. In da pano da batir kuke, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Wanda yake da sana'ar da ke buƙatar intanet, ko ɗalibai a Jami'ar André Salifou da ke shan forfe kamar me, ko gida biyu uku na ƴan'uwa da katanga ɗaya ta raba, shi zai ga amfaninsa, don kuɗin da ake watsawa a wayoyi goma ne za su taru wuri ɗaya. Amma a saye shi don kawai a huta da jika goma, wannan ba tattali ba ne.

Ko an samu intanet ɗin, sai a tambaya me za a kalla. Netflix ya buɗe wa ƙasashenmu tun Janairu na 2016, amma akasarin kayansa ba da harshenmu suke ba, na Hausa sai an tona, kuma biyansa yana son katin banki, abin da ba kowa ke da shi ba. Hajiya mahaifiyarku ba ta da abin yi da shi. Su kansu kamfanonin sun daina ɗaukar abin a matsayin ko wannan ko wancan. A 2025 Canal+ ya ƙulla da Netflix don a riƙa samunsa ta cikin abonman Canal a ƙasashen Afirka masu Faransanci, a Satumba na shekarar kuma ya kammala karɓe MultiChoice. Mai abonma yana da damar kallon tashoshinsa a waya ta manhajar kamfanin. Wato mai faranti da mai intanet suna zama mutum ɗaya. Ni dai ban ga alamar hakan zai sa farashi ya sauka ba, don in masu sayarwa suka ragu, mai saye ba ya samun bakin ciniki.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin jiga, kuma tunda kun ambaci mahaifiyarku da yara shida, ba zan tsallake shi ba. Tsohuwa ta san lambar tasharta a telekomand, ta danna ta zauna. Ranar da kuka mayar da komai intanet, kun mayar da ita mai jiran jika ya dawo daga makaranta ya kunna mata, in rezo ya tsaya kuma ta zauna tana kallon allo yana juyi. Yara kuwa, talabijin ɗin tsakar gida kowa yana ganin abin da ke cikinta, in wani abu ya fito wanda bai dace ba uwarsu tana daga madafa za ta ce a canza. Dekoda ma tana da lambar kulle tasha. Waya a ƙarƙashin bargo ba ta da wannan, kuma YouTube da TikTok an gina su ne don kada mai kallo ya tashi, ɗaya na ƙarewa wani ya hau. Ku malami ne, kun fi ni sanin yadda yaron da ya kwana a kan waya yake zama a aji da safe. Ba cewa nake tashoshin kuɗi tsarkakakku ne ba, akwai shirye-shiryen da ni ma ba na bari a kalla a gidana. Amma in za a koma intanet, a yi ƙoƙari ya fito ta babban allo inda kowa yake, kada ya watse cikin ɗakuna. In kun lura, masu matsa muku a bar abonman su ne waɗanda forfen zai faɗa wayoyinsu.

Da ni ne ku, ga yadda zan yi. In wannan watan ya ƙare, kada ku sabunta, kada kuma ku sayar da dekodar ko ku bari a sauke farantin. Ku sa a haɗa muku ta kyauta a gefe, da tashoshin Hajiya a lamba ɗaya zuwa biyar don kada ta sha wahalar nema. Kusan duk talabijin ɗin yanzu da ƙananan dekodojin nan suna da ramin USB, a riƙa zuba shirye-shiryen maiɗakinku a kile, wato memorin da ake soka wa ramin, ana kallo a babban allo, babu jiga ko ɗaya da za ta tafi. Abin da dole sai an sauke daga YouTube, a sauke shi inda ake da wifi ko da forfen dare in kamfaninku yana yi, kada a kalle shi kai tsaye da magariba. A shiga saitin kowace waya a tsayar da hoto a 360 ko 480, a kashe abin nan da ke sa wani bidiyo ya hau da kansa. Kowace salula ta Android tana da wurin da take nuna jigar da aka sha a wata da manhajar da ta sha, ku duba na kowa a farkon wata, ku sake dubawa a ƙarshe, ku kuma rubuta duk forfen da aka roƙe ku a tsakani, har da na ɗari biyar-biyar ɗin nan da ba a ɗauka a bakin komai, don su ne ke cinye kuɗin. Lokacin da ya fi dacewa da wannan gwaji shi ne Yuni zuwa Yuli in babu babbar gasa a shekarar, ƙwallon Turai tana hutu, ba abin da zai wuce ku.

In kuma daga baya kuka ga za ku sayi akwatin Android don YouTube a talabijin, kada ku karɓi mai ƙwaƙwalwar aiki ƙasa da jiga 2, ku gwada shi a shagon da wifi na wayarku kafin ku biya, kuma duk wanda aka ce an riga an cika shi da tashoshin kyauta har abada ku ajiye masa kayansa. In gwajin ya faɗo a bakin damina, ku ce wa mai saitin ya ƙara ɗaure ƙafar farantin ya naɗe bakin kebul da kyau, don iskar farkon ruwa ita ce ke kawo mana rabin aikin shekara.